Gurbin da Inna Ta Gani a Wasiyyar Inji

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa ta Roni,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, tare da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki, Autarki ce take rubuto miki daga Kazaure. Na san ba ki karanta boko ba kina raye, amma kin saba a karanta miki wasiƙa kina gyara wa mai karatun zance. Masu bibiyar shafina na intanet za su leƙa wannan, ki yi haƙuri da su. Ina da labari, sai dai kin san halina, sai na zagaya kafin in iso.

Kin tuna shekarun da kuɗin mai suka shigo, bayan farin nan da ya ƙarar da shanun Kawu. Aka buɗe wani ofishin aikin gona a Kazaure, aka kawo masa kwamfuta mai girman kabad uku, da janareta nata ita kaɗai, da ɗaki mai sanyi wanda har manaja sai ya cire takalmi zai shiga. Aikinta ta tattara awon ruwan sama daga Roni da Gwiwa da Babura da Kanya Babba, ta fitar da rahoton da za a duba a ce wa manoma ga irin da ya dace da su bana. Ni kuma aka ɗauke ni in riƙa huda kati ina ba ta, don ta hujojin katin take karanta lambobi. Ke dai inji kike ce mata, don haka inji zan ce.

Duk ƙarshen mako in na zo gida sai kin titsiye ni da tambaya. Yana barci? Ya san ni ce nake ba shi katin, ko duk ɗaya ne a wurinsa? In an yi masa ƙarya yana ganewa? Yaya Binta takan ce ki bar yarinya ta ci tuwo, ki ce tuwon ba guduwa zai yi ba. Ni a lokacin gani nake kina ɓata mini lokaci, ina 'yar boko mai takalmin fata. Yanzu da na tsufa na gane a duk waɗanda na sani ba wanda ya yi wa injin nan tambayoyi masu kyau kamarki.

Wadda ta koya mini aikin ita ce Rifkatu, 'yar Kudancin Zariya, wadda ta girme ni da 'yan shekaru. Ita ta nuna mini yadda ake riƙe kati kada ya tanƙware, ita ta rufa mini asiri ranar da na zubar da akwatin katin Babura gaba ɗaya a ƙasa, muka zauna muka jera shi ɗaya bayan ɗaya kafin manaja ya dawo daga masallaci. Ɗakinta na kusa da nawa. Da azumi, in na dawo a gajiye, nakan tarar ta dama mini kunu ta rufe, ita da ba azumin take ba.

To, injin nan yakan faɗi. Ba faɗuwa ƙasa ba, Inna, na san za ki tambaya. A cikinsa akwai wata manhaja da ita ce uwar sauran, ita ke raba wa kowane sashe aiki, ma'aikata suna ce mata kanel. In ta gamu da abin da ba ta san yadda za ta yi da shi ba, sai komai ya tsaya cak. Amma kafin ya tsaya, yakan buga 'yan layuka a kan tafiretar da ke gaban mai kula da shi. Abin da yake bugawa shi ne abin da ke cikin wasu ƙananan ma'ajiyai goma sha shida da ke can cikin ƙwaƙwalwarsa, ana ce wa kowace rijista. A nan yake riƙe abin da yake aiki da shi a daidai wannan ƙiftawar ido. Wanda ya iya karanta su zai san inda injin yake da abin da ke hannunsa lokacin da ya faɗi.

Ranar da na yi miki wannan bayani kika ajiye gyaɗar da kike ɓara, kika ce: “Ashe wasiyya yake bari.” Tun daga ranar ban sake kiran takardar da wani suna ba.

Sai dai wasiyyar ba ta da tsari ko kaɗan. Lambobi ne a jere kamar tururuwa, babu suna a gaban kowace, sarari ɗaya ne kawai tsakaninsu. Kowace rijista gurbi takwas gare ta, amma wanda ya rubuta manhajar ya ga sifirin da ke farkon lamba ɓarnar tawada ne, ya sa a riƙa zubar da shi. Sai ka ga wata lamba doguwa, wata guntuwa. In layi ya kai bakin takarda, sai ya gangaro ƙasa ko da a tsakiyar lamba ne. Mai karatu da yatsa yake bi yana ƙirgawa: wannan ta farko, wannan ta biyu, har sha shida.

A daminar nan injin ya faɗi sau uku, duka ranar Litinin da safe, duka kuma Rifkatu ce a kan kujera. Aka aika wa injiniyan kamfanin da ke Legas kwafin takardun. Ya ƙirga, ya samu sha shida cif, ya duba ta tara, wadda ke nuna wane sashe ne ya taɓa kanel daga ƙarshe. Lambar tafireta ya gani, sau uku. Ya rubuto cewa mai kula da injin ce take danna abin da bai kamata ba ana tsakiyar aiki.

Manaja ya ba Rifkatu takardar tuhuma, ya dakatar da ita, ya ce in injiniya ya zo ƙarshen wata ya tabbatar, ta tattara kayanta. Ita ke riƙe da ƙannenta biyu a makaranta, kuma a garin nan ba wani wurin da ake neman mai irin aikinta. Ta rantse ba ta taɓa komai ba. Manaja ya juyo ya tambaye ni ko na ga hannunta a kan tafireta. Na ce na ga hannunta kusa da wurin, wanda gaskiya ne, don a nan teburinta yake. Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma sai na ƙara, a gabanta, na ce inji ba ya ƙarya.

Ta dube ni, ta ɗauki jakarta ta fita. A ranar ina jin kaina mai gaskiya ce wadda ba ta son kai. Ban san me ya sa na fi yarda da takarda a kan matar da ke dama mini kunu ba, har yau ina tambayar kaina. Wataƙila don takardar daga ɗaki mai sanyi ta fito.

Duk da haka wani abu ya riƙa sosa mini rai, shi ya sa ranar Asabar na saka takardun uku a jaka na hau motar Roni. Bayan la'asar muna zaune a ƙofar ɗakinki, kika lura ban ci abincin kirki ba, kika matsa har na faɗa miki. Ba ki ce na yi daidai ba, ba ki ce na yi kuskure ba. Cewa kika yi in ba ki wasiyyar ki gani.

A juye kika riƙe ta, Inna, kan takardar na kallon cinyarki. Na yi dariya na kai hannu in gyara miki, kika make hannun. Kika shimfiɗa su uku a kan tabarma, kika daɗe kina bin layin da farcenki kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Can kika tsaya a wani wuri, kika koma ta biyu kika tsaya, kika koma ta uku.

“Nan an ɗauke wani abu,” kika ce. “Ga gurbinsa ya fi na sauran faɗi, kuma duka ukun a wuri ɗaya.”

Na karɓa na duba. Sarari biyu ne a maimakon ɗaya, bayan lamba ta huɗu. Faɗinsa bai kai ƙwayar dawa ba. Ni da manaja da injiniyan Legas duk mun wuce ta kansa, don mu lambobi muke karantawa. Ke da ba ki san lamba ko ɗaya ba, abin da ke tsakaninsu kika duba.

Na ɗaga kai na kalli cikin ɗakinki, sai na ga inda kika koyi abin. Jerenki ne, wanda na sha yi masa tsiya ina cewa ni in na yi aure ba zan tara kwanukan da ba a cin abinci a ciki ba. Kowace langa da kowace tasa da wurinta. In maƙwabciya ta ari ɗaya, ba kya matso da sauran su rufe wurin. Faifai kike jinginawa a gurbin, ya zauna har kayan su dawo. Daga bakin ƙofa kike sanin abin da ya fita da wanda yake hannunsa. Kin sha gaya wa Yaya Binta cewa in ta matso da kwanuka ta rufe gurbi, ranar da za ta nemi abu sai ta zargi wanda bai ɗauka ba.

Sai kika yi tambayar da ta ƙarasa aikin. Kika ce, a cikin ma'ajiyan nan sha shida, in ɗaya babu komai a cikinta, me injin yake rubutawa? Nan take na gano amsar. In ana zubar da sifirin farko, lambar kuma duk sifiri ce daga farko har ƙarshe, to duka za a zubar. Ba abin da zai rage sai sarari.

Ban jira Litinin ba. Na yago takarda daga littafin awon ruwa da ke jakata, na ja layi na yi gida sha shida, na shiga zuba lambobin. Rijista ta biyar ce babu komai a cikinta, don haka duk na bayanta sun matso gaba da gida ɗaya. Abin da injiniya ya ɗauka ta tara, ta goma ce. Ita kuwa ta goma dole ta nuna tafireta, tunda a kan tafiretar ake buga wasiyyar. Ta tara ta gaskiya firinta take nunawa, wato injin da ke buga rahotanni, dabam da tafireta. Abin da ya sa ƙirga ta cika sha shida kuwa, can bayan ta goma, a bakin takarda, wata doguwar lamba ta karye biyu, rabi a sama rabi a ƙasa, kowa ya ɗauke ta lamba biyu. Kuskure biyu ne suka rufa wa juna asiri.

Daga nan sauran ya zo da sauƙi. Ranar Litinin da safe ake buga dogon rahoton mako, shi kaɗai ne yake cinye takardar firinta har ta ƙare ana cikin bugu. Kuma Litinin da safe aikin Rifkatu ne.

Manaja bai so jin zancen ba. Ya ce yarinyar da ba ta shekara biyu a aiki ba ce za ta gyara wa injiniyan Legas karatu? Amma da injiniyan ya zo, sai na tarar da mutum mai son sanin abu kamarki. Ya daɗe yana kallon gidajen da na zana, ya sa aka ɗora wa firinta 'yar takarda kaɗan, aka saki rahoton, ya ce kowa ya koma jikin bango ya harɗe hannu. Muna tsaye takardar ta ƙare, injin ya faɗi, ba kowa kusa da tafireta. Ya cire tabarau yana dariyar kansa, ya tambaye ni a ina na yi karatu. Na ce ba ni na gani ba, mahaifiyata ce, kuma a juye ta riƙe takardar. Ya ɗauka wasa nake.

Gyaran ainihin cutar aikin injiniya ne, ya yi shi cikin kwana biyu. Amma ya ce tunda ni na gano, in zana yadda nake so wasiyyar ta riƙa fita. Na zauna na yi wa lambobin nan jere. Kowace rijista da sunanta a gabanta. Kowace lamba gurbi takwas cif, sifiri ya zauna a wurinsa ko da shi kaɗai ne takwas ɗin. Huɗu a kowane layi, don huɗu ne ke shiga faɗin takardar ba tare da wata ta karye ba. Masu leƙe, ga huɗu daga cikinsu yadda suka koma (haruffan ciki ma lambobi ne a lissafin inji):

R4 00001C20   R5 00000000   R6 0000003A   R7 00004F18

Ko daga bakin ƙofa mutum zai hango ta biyar babu komai a cikinta. Injiniya ya tafi da tsarin Legas, ya ce zai sa a sauran injunansu. Ban san ko ya sa ba.

Aka janye takardar tuhuma, Rifkatu ta dawo aiki. Tana gaishe ni, ina gaishe ta, shi ke nan. Da na gaya miki, kika tashi kika sauko da langar nan mai jan fure, wadda ba a taɓa zuba komai a cikinta ba tun da aka kawo ta daga Kano. Kika cika ta da dambun zogale, kika jingina faifai a gurbinta. Kika ce in kai mata da hannuna, kuma in ba ta haƙuri da bakina, don dambu ba ya magana.

Ga abin da ban taɓa gaya miki ba. Na kai, na tsaya a ƙofarta, amma ban ba ta haƙurin ba. A raina ina cewa ai ni na ceto mata aikinta, wannan bai isa haƙuri ba? Sai na ce, Inna ce ta ce a kawo miki. Ta karɓa hannu biyu, ta ce a yi miki godiya. Ta ɗan tsaya tana dubana, ni ma na tsaya, sannan na juya. Bayan wata biyu ta nemi canjin wurin aiki ta koma wajen garinsu, langar ta bi ta.

Ba ki taɓa tambayata ko na faɗa ba. Ina jin kin sani, tunda kin san macen kirki ba ta riƙe kwanon mutane haka kawai. Faifan nan ya zauna a jerenki shekara da shekaru. Aka yi ta kawo miki sababbin kwanuka, har na Makka, kina sa su a wani wuri. In an ce ki cike gurbin sai ki ce langar ba ɓata ta yi ba, tana hannun mutane. Da aka zo rabon kayanki, yayyena suka ɗebi kwanuka, ni mai tsiyar jere na ce a ba ni faifan. Suka yi ta mini dariya.

Yanzu ga labarin. Kwanakin baya ina kwashe tsofaffin takardu na ci karo da ɗaya daga cikin wasiyyoyin nan uku, ta yi ja don tsufa. Na ɗauki hotonta na sa a shafina, na ce wa ya ga abin da ya ɓace a nan. Masu aikin kwamfuta na yanzu suka yi ta turo mini irin wasiyyar da nasu injunan ke bari. Inna, da kin ga abin mamaki: suna a gaban kowace, sifiri a zaune a gurbinsa, layi-layi tsaf. Lambobin sun ninka namu tsawo, amma jeren shi ne. Ba na cewa daga Roni suka koya. Sai dai ina ta tunanin mutum nawa aka zarga a banza a wurare daban-daban kafin kowa ya gane, kuma ko su ma akwai wata tsohuwa a gidajensu.

A cikin masu sharhi wata ta rubuta cewa mahaifiyarta ta yi aiki a kan irin wannan inji a Kazaure, kuma akwai wata langa a kabad ɗinsu da ba a yarda kowa ya taɓa.

Ranar Alhamis da ta wuce da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gidana. Rifkatu ce ta fito da sanda, kanta fari fat, 'yarta, wadda ta yi sharhin nan, na riƙe da ƙunshi a ɗankwali. Ban bari ta zauna ba, ban bari an kawo ruwa ba. A tsaye a tsakar gida na ce mata na yi mata ba daidai ba, na gaskata takarda na ƙaryata ta, ta yafe mini. Shekara arba'in da 'yan kai maganar tana bakina, ashe ba ta fi numfashi biyu ba.

“Ita na tsaya jira a bakin ƙofa ranar nan,” in ji ta. “Da kin faɗa, da washegari langar ta koma Roni.”

Ta ce sau da yawa ta yi niyyar aiko da ita, sai ta ga in ta aiko ta rufe maganar ke nan, ita kuma ba ta so a rufe ba a faɗa ba. Ta kwance ɗankwalin. Jan furen ya ɗan kwaile a gefe ɗaya, murfin yana nan, cikinta cike da acca, don ta ce ba a mayar wa Inna kwano haka nan. Sannan ta tambaye ni ina kike. Ashe ba ta ji rasuwarki ba. Da na gaya mata, ta zauna a kan dakali ta rufe fuska, muka yi kukan da ya kamata mu yi tun muna da ƙarfin gwiwa.

Washegari muka je Roni tare. Ɗakinki yanzu buhunan gero ne a ciki, amma shatin jeren yana nan a bango. Na nuna mata wurin da faifan ya zauna. Ta sa tafin hannunta a wurin ta daɗe, tana yi miki addu'a irin tasu, ni ina yi irin tamu.

Ina kewarki, Inna. Ina kewar tambayoyinki, har da waɗanda na yi wa dariya. Akwai guda da nake so in mayar miki: da kika ga gurbin nan a takarda, kin riga kin san yarinyar ba ta yi ƙarya ba, ko kin duba ne kawai don ki ga yadda wasiyyar inji take? Na fi zaton na biyun, kuma shi ya fi burge ni.

Langarki ta dawo. Tana kan kabad ɗina ita kaɗai, jeren mace mai kwano ɗaya. Faifan kuma ya gama aikinsa, na mayar da shi kicin, jiya da shi na rufe accar da na dafa.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi. Yadda kika tsare wa mutane gurbinsu ba ki bari an zarge su a banza ba, Allah Ya tsare miki naki a Aljanna, Ya bar mana wuri kusa da ke. Amin.

Taki har kullum,
Auta, wadda ta ce ba za ta yi jere ba.